Magani Kyauta: Wa Ke Biya, Kuma Yaushe?

 

'Yan uwa masu karatu, duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati a ƙasar nan ya san takardar nan da ake miƙa wa mai jinya tun likita bai gama dubawa ba. A cikinta akan jera safar hannu da auduga da sirinji da ledar ƙarin ruwa da zaren ɗinki, a ce ya je kemis ɗin da ke tsallaken titi ya sayo. Idan aikin tiyata ne, wani lokaci har kuɗin man janareta sai an nema. A bakin ƙofar asibitin kuwa ga ƙaton allo da hoton gwamna, an rubuta cewa haihuwa da jinyar ƙananan yara kyauta ne. Magidanci ya karanta allon, ya dubi takardar da ke hannunsa, sannan ya juya ya tafi neman wanda zai sayi akuyarsa ko ya ranta masa kuɗi, matarsa na can kwance tana naƙuda. Wannan shi ne abin da ya sa muka ga ya dace mu tsaya a wannan wata mu dubi maganar nan ta magani kyauta da ake yawan cika mana kunne da ita duk lokacin zaɓe: shin abu ne da zai iya ɗorewa, kuma shin adalci ne?

Da farko dai ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, cewa babu wani magani da ke zuwa a banza. Kowace ƙwaya sai da aka saye ta, kowane likita da nas da ungozoma suna da iyalin da suke ciyarwa, kuma injin ɗaukar hoto ba ya aiki sai da wuta. Saboda haka idan aka ce kyauta, ma'anarsa ita ce an ɗauke biyan daga wuyan mara lafiya a ranar da ya kwanta, an ɗora shi a kan jama'a gaba ɗaya tun suna da ƙoshin lafiya, ta hanyar haraji ko wani asusu da aka tara. Tambayar ke nan ita ce wa zai biya, kuma a wane lokaci. A Nijeriya amsar a bayyane take. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye. Wato mun zaɓi mu karɓi kuɗin daga hannun mutum a ranar da ya fi kowace rana rauni, ranar da ba ya iya fita nema, ba ya kuma iya ciniki. A ganinmu, a cikin duk hanyoyin da al'umma za ta bi ta biya kuɗin jinya, babu wadda ta kai wannan zalunci.

Dattawanmu za su tuna cewa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, mutum kan je asibitin gwamnati ya yanki kati a duba shi a ba shi magani ba tare da ya biya wani abin a zo a gani ba. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai kantocin maganin asibitoci suka bushe. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin nan na SAP, aka karya darajar naira, kuɗin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka amince da tsarin da za a riƙa sayar wa majinyata magani, a juya kuɗin a sayo wani, Bankin Duniya kuma a wannan shekarar ya fito ƙarara yana kira da a sa wa jinya farashi. Hujjarsu a lokacin ita ce gara a biya a samu magani da a ce kyauta ne alhali babu, kuma wai biyan zai hana mutane zuwa asibiti ba gaira ba dalili. Hujja ta farko tana da ƙamshin gaskiya. Ta biyun kuwa, sai mu tambaya: wane talaka ne zai bar gonarsa, ya biya kuɗin mota, ya yini a kan layi don nishaɗi? Abin da ya faru a ƙasashe da dama shi ne masu ƙaramin ƙarfi suka ƙaurace wa asibiti, suka koma wajen masu tallar ƙwayoyi a kasuwa, ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Da Yuganda ta soke wannan kuɗi a 2001 nan da nan asibitocinta suka cika, kuma mafi yawan waɗanda suka ƙaru talakawa ne. A 2013 shugaban Bankin Duniya na lokacin, Jim Yong Kim, ya tsaya gaban babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amsa da bakinsa cewa karɓar kuɗi daga matalauta a bakin asibiti rashin adalci ne. Ihu bayan hari ke nan, domin an riga an binne waɗanda aka binne.

To amma kada mai karatu ya ɗauka cewa da zarar shugaba ya hau mumbari ya ce an soke kuɗi shi ke nan an gama. Darasin da ya fi kusa da mu yana wajen 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou, a 2005 aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Tsarin shi ne asibiti ya yi aikin bai karɓi ko dala ba, ya rubuta lissafinsa ya aika wa gwamnati, ita kuma ta biya shi. Iyaye mata suka yi tururuwa da 'ya'yansu, kuma an ga amfanin abin. Mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda a 1998 ya kai 226 cikin kowane 1,000, ya sauko zuwa 128 a 2009. Gaskiya ne akwai wasu dalilai da suka taimaka, kamar rabon gidan sauro, da ƙananan ɗakunan shan magani da aka giggina a ƙauyuka, da yaƙi da tamowa, amma masana sun lissafa jinyar kyauta a cikin manyan dalilan. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa abin ba shi da fa'ida.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya. Baitulmali ya kasa sauke nauyin da ya ɗauka. Takardun asibitoci suka taru a Yamai, wata da watanni, har shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa. Asibitin da ba a biya shi ba kuwa ba shi da abin da zai sayo sabon magani, mai sayar masa ma ya daina ba shi bashi. Ƙarshenta sai uwa ta kawo ɗanta a duba shi kyauta, a rubuta mata takarda a ce ta je ta saya a waje. Sunan kyauta yana nan a doka, kanta kuwa wayam. Mafi muni ma shi ne tsohon tsarin juya kuɗin magani, wanda duk da aibinsa yana ɗan riƙe da asibitocin, shi ma ya raunana, domin yara su ne mafi yawan masu zuwa. Haka Ghana, wadda ta gaji da tsarin biya kafin a taɓa ka, ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, har ta yi abin da ya fi na maƙwabtanta hikima, ta ware wa asusun harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan saye da sayarwa. Duk da haka an sha ganin asibitoci, musamman na mishan, suna barazanar daina karɓar katin saboda jinkirin biya. A jihohinmu na Arewa labarin bai bambanta ba. Tun daga farkon shekarun 2000 jihohi da dama suka yi shelar jinyar mata masu juna biyu da yara kyauta, amma kaɗan ne suka kafa abin a kan doka da asusu tsayayye, shi ya sa yakan rayu da gwamnan da ya kawo shi ya kuma mutu da tafiyarsa, wani lokaci ma tun kafin ya tafi.

Masu son kafa hujja da Ingila su ma su yi hattara. Gaskiya ne tun ranar 5 ga Yulin 1948 ƙasar ta kafa tsarin da kowa zai ga likita ba tare da ya biya ba, kuma ta yi haka ne tana fama da bashin yaƙin duniya na biyu, abin da ke nuna cewa niyya ta fi yalwa muhimmanci. Amma ko shekara uku ba a cika ba, a 1951, aka sa kuɗi a kan haƙoran roba da tabarau, har ministan da ya kafa tsarin, Aneurin Bevan, ya ajiye muƙaminsa don fushi. A 2023 jerin masu jiran aiki a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7. Abin da ake kashewa a kan lafiyar mutum ɗaya a can a shekara ya wuce dala 4,000, a nan kuwa, a haɗa na gwamnati da na aljihu, bai kai dala 100 ba. Kuma kada a manta, wani sashe na abin da ke riƙe da asibitocinsu dubban likitoci ne da nas-nas da aka horar a jami'o'inmu da dukiyar talakanmu, suka tattara suka tafi. Duk ɗan siyasar da ya ce zai ba kowa kowane irin magani kyauta a Nijeriya, tun daga zazzaɓi har dashen ƙoda, to romon baka yake yi, kuma ya san haka.

Amma wannan bai wanke mahukunta ba, domin maganar "babu kuɗi" tana da iyaka. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Mai masaukin baƙin, wato gwamnatin tarayya, a mafi yawan shekarun da suka biyo baya tsakanin kashi 4 zuwa 6 take yawo. A 2022 kaɗai tallafin man fetur ya lashe fiye da naira tiriliyan 4, alhali kasafin lafiya na tarayya a shekarar bai kai tiriliyan 1 ba. An cire tallafin a watan Mayun 2023, kason da jihohi ke samu ya ƙaru ƙwarai, kuma haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne ya tambayi gwamnansa nawa ne daga cikin ƙarin ya isa ɗakin shan magani na mazaɓarsa. Wannan kuwa a ƙasar da, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya baki ɗaya 'ya'yanta ne.

Idan muka koma ga batun adalci, sai mu ga cewa jinyar kyauta tana nan a Nijeriya, ba ta dai isa ga waɗanda suka fi buƙatarta ba. Shugaba 'Yar'aduwa ya yi jinya a Jidda daga ƙarshen 2009 zuwa farkon 2010, Shugaba Buhari ya yi fiye da kwana 100 a Landan a tafiya guda a 2017. Ba muna yi musu gorin ciwo ba ne, Allah Ya jiƙansu, ciwo ba ya ƙetare kowa. Abin da muke nunawa shi ne wanda ke riƙe da mabuɗin baitulmali ba ya kwanciya a gadon da talaka ke kwanciya, saboda haka ba ya jin ciwon lalacewarsa. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a 2005 ya shafe shekaru bai rufe ko kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, kuma akasarinsu ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, wato masu albashi. Manyan asibitocin koyarwa da ke cinye kaso mai tsoka duk a birane suke. Manomin da ke ƙauye yana biyan haraji duk lokacin da ya sayi katin waya, rabonsa na arzikin mai yana tafiya wajen gina asibitin da bai taɓa gani ba, sannan ran da ɗansa ya kamu da zazzaɓi ya biya daga rumbunsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wani zai ce, to ina adalci a karɓi kuɗin mai lafiya a yi wa wani magani, ko a ba mai hali kyauta alhali yana iya biya? Amsar farko ita ce mai lafiyar yau shi ne majinyacin gobe, kuma cututtuka irin su ƙyanda da sanƙarau da tarin fuka da amai da gudawa ba sa tambayar unguwa. Ta biyu kuwa, tantance talaka a bakin ƙofar asibiti abu ne da aka jarraba aka ga ba ya aiki: takardar yafewa takan ƙare a hannun mai ƙafa, wanda ya cancanta kuma kunya ko rashin sani su hana shi nema. Ya fi sauƙi kuma ya fi tsafta a karɓi haƙƙin jama'a daga mawadaci ta hanyar haraji, a bar ƙofar jinyar farko a buɗe ga kowa.

Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fage. Asibitin da Nuruddin Zangi ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, suna karɓar majinyata ba tare da biya ba, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki. Sirrin ɗorewarsu waƙafi ne: an tsayar musu da kantuna da gidaje da gonaki waɗanda kuɗin hayarsu da amfaninsu ke shiga asibitin kai tsaye, ko sarki ya mutu ko an yi juyin mulki. Wato tun kafin a buɗe ƙofa an riga an san inda kuɗin gobe zai fito. Wannan shi ne abin da Nijar ta rasa, shi ne kuma abin da gwamnoninmu ba sa tsayawa su yi. Masu hannu da shuni a cikinmu, waɗanda ke gasar gina masallaci na biyar a layi ɗaya, ya kamata su yi tunani a kan rumfunan kasuwa goma da za a tsayar waƙafi don sayen maganin ɗakin haihuwa guda. Game da zakka kuwa a yi hankali, domin an ƙayyade masu cin ta, kuma mafi yawan malamai ba su ga halaccin gina asibiti da ita ba. Amma biya wa fakiri kuɗin jinyarsa, ko sauke bashin da ciwo ya ɗora wa magidanci, wannan yana cikin gurbinta. Haka nan masu ƙyamar kalmar inshora su sani cewa malamai sun bambanta tsakanin ta kasuwanci da ta taimakekeniya, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta ta biyun a 1985. A kan irin wannan fahimta ce Jihar Kano ta kafa hukumarta ta taimakekeniyar lafiya da dokar 2016.

Matsayinmu ke nan: jinya kyauta tana iya ɗorewa idan aka yi mata iyaka, aka kuma tanadi kuɗinta tun kafin a yi shela. A zaɓi abubuwan da suka fi kashe mu kuma maganinsu ya fi araha, wato awon ciki da haihuwa har da tiyatarta da ƙarin jini, allurar tsayar da zubar jini da ta jijjigar masu ciki, rigakafi, gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro, gudawa da ciwon haƙarƙari na yara, da taimakon gaggawa ga wanda ya yi haɗari. A rubuta su a manna a bangon kowane asibiti da Hausa da ajami, a ce waɗannan ba a biya, sauran kuma a faɗi farashinsu a fili. Mun san wannan zaɓi yana da ɗaci. Mai ciwon ƙoda da ke buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako zai ce shi fa, kuma yana da gaskiya. Amma abin da za a kashe masa a wata guda zai yi wa yara masu yawa maganin zazzaɓi, kuma gwamnatin da ta ƙi yin zaɓin a fili tana yin sa ne a ɓoye, inda mai uwa a gindin murhu ke cinyewa. Irin waɗannan manyan cututtuka su ne gurbin asusun taimakekeniya da waƙafi da zakka, har Allah Ya kawo yalwa.

Dokokin ma akwai su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don jinyar matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, kimanin naira biliyan 55. Ita dai wannan doka ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa galihu. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Muna maraba da wannan, muna kuma tuna masa da takardun da suka taru a Yamai.

Saboda haka muna kira ga rassanmu da kwamitocin agaji da ke kowace ƙaramar hukuma da su ɗauki wani aiki ƙarami a wannan wata. Kowane reshe ya tura mutum biyu zuwa ɗakin shan magani na mazaɓarsa, su yi sallama cikin ladabi, su tambayi mai kula da wurin ko yana cikin waɗanda ke samun kuɗin asusun nan na kashi ɗaya, nawa ya shigo a wata ukun da suka wuce, da kuma waɗanne magunguna ne suka yanke. A kowace mazaɓa ya kamata a ce akwai kwamitin ci gaba da ke sa ido a kan asibitin. A binciko su wane ne a ciki, in kuwa babu a nemi a kafa. Abin da aka samo a rubuta a aiko mana, za mu buga shi a fitowa ta gaba da sunan mazaɓa da ƙaramar hukuma, in Allah Ya yarda.